Najeriya: Kwanakin farko bayan tiyatar ƙashi su ne suka fi haɗari

Dubban mutanen da ke karyewa a haɗurran mota da harbin bindiga a Najeriya kan samu likitan da zai haɗa masu ƙashi, amma ƙarancin ma'aikatan jinya da rashin ingantaccen maganin kashe raɗaɗi a ɗakunan kwanciya na lalata wani ɓangare na aikin da aka yi a ɗakin tiyata.

A ranar 31 ga watan Mayun 2025, wata motar safa da ke ɗauke da tawagar 'yan wasan jihar Kano, waɗanda ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa da aka gudanar a jihar Ogun, ta rufta daga gadar Dakatsalle da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano. Mutane fiye da 20 ne suka rasu. Kamar yadda aka saba, adadin mamatan ne ya mamaye kanun labarai, su kuwa waɗanda suka jikkata aka taƙaita labarinsu da cewa an garzaya da su asibiti. Ga mutumin da ya karye a cinya ko a ƙwauri, daga nan ne ma doguwar jinya take farawa.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya, wato FRSC, sun nuna cewa mutane 5,421 ne suka mutu a kan hanyoyin ƙasar a shekara ta 2024, yayin da fiye da 30,000 suka samu raunuka. Waɗannan su ne haɗurran da labarinsu ya kai ga hukuma. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutane miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara a faɗin duniya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka yi la'akari da yawan jama'a.

Baya ga haɗurran motoci da babura, akwai harbin bindiga a jihohi irin su Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno, ga kuma ruftawar gine-gine da faɗowa daga bisa. Da dama daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su kan ƙare ne a sashen ƙashi, ko dai a tsofaffin asibitocin ƙashi uku na gwamnatin tarayya, wato na Igbobi a Legas da na Inugu da kuma na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, ko kuma a asibitocin koyarwa da na jihohi.

Inda ake asarar rayuka

Akasarin jama'a na ɗaukar lokacin da mara lafiya yake kwance a gaban likitan fiɗa a matsayin lokacin da ya fi hatsari, shi ya sa dangi kan yi hamdala da zarar an turo ɗan'uwansu daga ɗakin tiyata yana numfashi. Sai dai wani babban bincike da aka wallafa a mujallar The Lancet a farkon 2018 ya nuna cewa lamarin ba haka yake ba a asibitocin Afirka.

Binciken, wanda Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town da ke Afirka ta Kudu ya jagoranta, ya bi diddigin marasa lafiya 11,422 da aka yi wa tiyata iri daban-daban a asibitoci 247 na ƙasashe 25, ciki har da Najeriya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aikin. Mutane 239 ne suka mutu, kuma 225 daga cikinsu, wato kashi 94 cikin ɗari, sun rasu ne bayan ranar da aka yi masu tiyatar.

Wani abin lura shi ne, marasa lafiyar da aka bincika sun fi takwarorinsu na sauran sassan duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka masu tsanani, amma duk da haka yiwuwar mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara ta ninka ta sauran ƙasashe. Masu binciken sun danganta hakan da rashin isassun ma'aikata da kayan aikin da za a gane cewa jikin mara lafiya ya fara rikicewa, a kuma kai masa ɗauki a kan lokaci.

Likitan fiɗa kan shafe sa'o'i biyu ko uku a kan mai karaya, sa'an nan ya leƙo shi a zagayen safe. Ragowar sa'o'in yini da na dare kuwa, na tsawon kwanaki ko makonni, a hannun ma'aikacin jinya suke.

Abin da ake sa ido a kai

Ƙwararru a fannin ƙashi na bayyana kwanaki uku na farko bayan karaya ko tiyata a matsayin lokacin da abubuwa da yawa ke iya ɓaci cikin gaggawa. Karayar cinya kaɗai na iya jawo zubar jinin da ya kai lita ɗaya ko fiye a cikin nama, ba tare da an ga ɗigon jini a waje ba. Saurin bugun zuciya da faɗuwar awon jini da raguwar fitsari ne ke tona asirin hakan, kuma sai an riƙa aunawa a kai a kai ake ganewa.

Matsalar da ta fi tayar wa likitocin ƙashi hankali ita ce kumburin da ke matse tsoka. Tsokokin ƙwauri da na dantse suna cikin wata jaka ce mai tauri wadda ba ta buɗewa. Idan suka kumbura a sakamakon karaya, ko aka ɗaure su tamau da bandeji ko filasta, jini kan daina ratsa su. Bayan kimanin sa'o'i shida a cikin wannan hali, tsoka da jijiya kan fara mutuwa, kuma ba sa farfaɗowa. Ƙarshen abin shi ne shanyewar hannu ko ƙafa, ko kuma yankewa.

Alamar farko ta wannan matsala ita ce zogin da ya wuce ƙima, wanda ke ƙaruwa duk da an ba da magani, yake kuma tsananta idan aka ɗan miƙar da yatsun mara lafiya. Sau da yawa ana iya jin bugun jini a ƙafar har zuwa lokacin da aka riga aka makara. Don haka ake buƙatar ma'aikacin jinya ya riƙa duba yatsun mai irin wannan rauni kusan kowace sa'a a ranar farko, ya ga launinsu da ɗuminsu, ya tambayi ko akwai jin taɓi, ya sassauta ɗauri idan ya ga alama, ya kuma kira likita domin a tsaga fatar a ba tsokar sarari.

Akwai kuma kitsen ɓargo da kan shiga jini ya toshe hanyoyin huhu, galibi tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan karayar dogon ƙashi, inda mara lafiya zai fara haki da ruɗewa. Doguwar kwanciya ba motsi na haddasa daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum nan take. Wanda ba ya iya juyawa da kansa na buƙatar a riƙa juya shi kusan kowane sa'o'i biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dunduniya.

Idan karayar ta fasa fata, ƙashi ya fito waje, ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda da isowa asibiti, tare da rigakafin cutar sarƙe-haƙora. Bayan tiyata, tsabtace rauni da bakin ƙarafan da aka soka ta waje domin riƙe ƙashi aiki ne na kullum. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga cikin ƙashi, jinyar makonni kan koma ta shekaru.

Raɗaɗi da al'adar dauriya

A ƙasar Hausa, kamar sauran sassan Najeriya da dama, ana yaba wa mai dauriya, kuma namijin da ya yi raki a gaban jama'a kan sha gori. Wannan tarbiyya na bin mara lafiya har gadon asibiti, inda da yawa kan cije su yi shiru saboda kunya, ko don gudun a ce sun dami ma'aikata. Wasu ma'aikatan su ma sun taso da tunanin cewa zafi wani ɓangare ne na karaya da babu makawa sai an sha shi.

Ilimin likitanci na zamani ya saɓa da wannan ra'ayi. Raɗaɗin da ba a kashe ba na ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana hana barci da cin abinci. Mai jin zafi ba ya iya jan dogon numfashi ko yin tari, abin da ke buɗe ƙofa ga ciwon huhu. Ba ya kuma yarda ya motsa, alhali tashi da wuri da fara gashin ƙashi su ne babban rigakafin daskarewar jini da sandarewar gaɓoɓi. Bincike ya kuma nuna cewa waɗanda suka sha matsanancin zafi a kwanakin farko sun fi fuskantar barazanar zama da ciwo na dindindin bayan rauni ya warke.

Tun da babu na'urar da ke auna zafi, hanyar da aka amince da ita ita ce a tambayi mara lafiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana neman ya kwatanta zafinsa da lamba daga 0 zuwa 10, yara da waɗanda ba su saba da lissafi ba kuma a nuna masu zanen fuskoki su zaɓa. Ana rubuta amsar, a ba da magani, a sake tambaya bayan ɗan lokaci. Wannan rubutu ne ke bambanta zafin da ke raguwa kamar yadda ya kamata da wanda ke hauhawa, mai nuna cewa tsoka na shaƙewa ko rauni ya fara ruɓa.

Tsarin da ake ba da shawara a kai a yanzu shi ne haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, a kuma riƙa ba da su a kan lokaci tsayayye maimakon a jira sai mara lafiya ya yi kuka. Ana farawa da farasitamol, wanda bai kamata baligi ya wuce giram 4 a yini ba. A kan ƙara da magungunan rage kumburi irin su dikulofenak, in dai ƙoda da ciki lafiya suke kuma ba a zubar da jini mai yawa ba. Akwai allurar kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaɓar da aka yi wa aiki, wadda ke iya ɗauke zafi na sa'o'i masu yawa. Ga matsanancin raɗaɗi na kwanakin farko kuwa, maganin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne mofin, sa'an nan a riƙa ragewa yayin da sauƙi ke samuwa.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

A nan ne matsalar Najeriya ta fi fitowa fili. Mofin magani ne mai araha, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun jerin farko na 1977. Amma wani kwamitin masana da mujallar The Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa daga cikin kusan tan 300 na mofin da dangoginsa da ake rarrabawa a duniya kowace shekara, rabin al'ummar duniya mafi talauci ba ya samun ko da kashi 1 cikin ɗari. Najeriya na cikin ƙasashen da rahoton ya ce abin da suke samu bai kai kashi 1 cikin ɗari na buƙatarsu ba.

Dalilan suna da yawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi ta tanadi cewa kowace ƙasa ta riƙa miƙa ƙiyasin abin da take buƙata ga hukumar sa ido da ke birnin Biyana, kuma ƙasar da ba ta saba amfani da maganin ba kan miƙa ƙaramin ƙiyasi. A Najeriya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ke da alhakin shigo da irin waɗannan magunguna, kuma na tsawon shekaru sai asibiti ya bi ta babban rumbun magunguna da ke Oshodi a Legas, da tarin takardu, kafin ya samu. Daɗin daɗawa, likitoci da ma'aikatan jinya da yawa sun gama karatu ba tare da sun saba da shi ba, saboda haka suna ɗari-ɗari da shi.

Abin da ya cike giɓin a asibitoci da dama shi ne allurar fentazosin, wadda ake yi a tsoka. Ƙarfinta na da iyaka, ba ta daɗewa a jiki, kuma ita ma tana kama mutum idan aka yawaita ta.

A waje da asibiti kuwa labarin ya sha bamban. Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14 da dubu 300 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, kuma miliyan 4 da dubu 600 daga cikinsu na shan magungunan kashe zafi irin su taramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar NAFDAC ta amince ne kawai da taramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda jami'an NDLEA da na kwastam ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa kan kai miligiram 225.

Sakamakon haka shi ne, matashin da ke neman maye ya fi mai karayar cinya sauƙin samun ƙwaya mai ƙarfi. Wanda aka sallama daga asibiti da sauran zafi a jikinsa, ba tare da an tsara masa yadda zai rage magani ba, shi ma kan koma ga mai kemis ko mai tallar magani a tasha, kuma ta wannan hanya wasu ke faɗawa cikin shaye-shaye.

Darasi daga Amurka da Yuganda

Masu adawa da sassauta dokokin mofin na kafa hujja da abin da ya faru a Amurka. Daga tsakiyar shekarun 1990, kamfanonin magunguna sun tallata ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi irin su OxyContin, likitoci kuma suka riƙa rubuta su barkatai har ga masu ciwon baya na yau da kullum. A shekarun 2021 zuwa 2023, mutane fiye da 100,000 ne suka riƙa mutuwa kowace shekara a ƙasar a sakamakon shan ƙwayoyi fiye da ƙima, kafin adadin ya ragu a 2024.

Wannan fargaba tana da tushe. Sai dai masana harkar lafiya na nuni da cewa bala'in Amurka ya samo asali ne daga bai wa mutane ƙwayoyi su tafi da su gida na tsawon watanni, abin da ya bambanta da allura ko ruwan mofin da ake ba mara lafiya na 'yan kwanaki a gadon asibiti, ana rubuta kowane ɗigo a littafi.

Ƙasar Yuganda ta bi wata hanya ta dabam. Tun bayan da marigayiya Dokta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu matsananciyar jinya a Kampala a 1993, aka fara haɗa ruwan mofin mai araha a cikin ƙasar. A 2004 kuma gwamnati ta yi wa dokarta gyara domin ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. An yi tsarin ne domin masu cutar daji da masu cutar ƙanjamau, amma ya nuna cewa ƙasa mai ƙaramin ƙarfi na iya wadata asibitocinta da maganin ba tare da ya malala kasuwa ba.

Ita ma Najeriya ta fitar da manufar ƙasa a kan magungunan da ake sa wa ido a 2017, da nufin sauƙaƙa samun su a asibiti tare da toshe hanyar karkatar da su. Amma ko an wadata asibitoci da mofin, sai da mai sa ido ake ba da shi. Babban haɗarinsa shi ne rage numfashi, don haka wajibi ne a samu wanda zai riƙa ƙirga numfashin mara lafiya, ya lura da nauyin barcinsa, ya kuma ajiye makarin maganin a kusa. A ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa cikin dare, likita kan gwammace ya rubuta magani mara ƙarfi. Ta haka ƙarancin ma'aikata ke komawa ƙarancin magani.

Ma'aikatan da ke ficewa

A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Najeriya na sahun gaba, tare da Indiya da Filifin, a jerin ƙasashen da Birtaniya ke samun ma'aikatan jinya daga cikinsu. Hakan na faruwa ne duk da cewa tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba. Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi su ma suna cikin jerin.

Hukumar ta WHO na ganin ana buƙatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, kuma Najeriya ba ta kai rabin wannan adadi ba. Tasirin irin wannan giɓi a kan masu tiyata abu ne da aka auna. Wani bincike da Farfesa Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka kuma wallafa a 2014, ya gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya na ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwanaki 30 da kashi 7 cikin ɗari.

Matakin da hukumomi suka ɗauka a 2024, na gindaya sharaɗin yin aiki na shekaru biyu kafin a tantance takardun mai son fita waje, ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. A watan Agustan wannan shekarar ta 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da wata manufa ta ƙasa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, gwamnati ta kuma faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun koyon aikin jinya. Duk da haka, a ƙarshen watan Yulin 2025 ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya sun tafi yajin aikin gargaɗi a kan alawus-alawus da ƙarancin ma'aikata, kafin su janye bayan 'yan kwanaki.

Masu lura da al'amura na cewa waɗanda suka fi samun damar fita su ne masu ƙwarewa, irin waɗanda suka yi ƙarin horo a fannin ƙashi ko ɗakin tiyata ko kulawar gaggawa. Sabon ɗalibi na iya cike gurbin suna a takardar albashi, amma gane ƙafar da ta fara mutuwa tun kafin ta yi baƙi abu ne da ke buƙatar shekaru ana gani.

Dangi, kuɗi da masu ɗori

A galibin asibitocin gwamnati, 'yan'uwan mara lafiya ne ke ɗauke da wani babban kaso na jinya. Su ke ciyar da shi, su yi masa wanka, su juya shi, su kuma yi ta zirga-zirga wajen sayo magani da auduga da safar hannu. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Idan kuɗi suka yi ƙasa bayan an biya na ƙarfe da na tiyata, maganin kashe zafi na cikin abubuwan da ake fara tsallakewa.

Tsada da doguwar kwanciya da tsoron yanke ƙafa su ne ke sa iyalai da dama sa hannu su ɗauke mara lafiyarsu zuwa wurin mai ɗori. Ɗori tsohuwar sana'a ce da ake gado, mai daraja a idon jama'a, kuma binciken likitocin ƙashi a Najeriya ya sha nuna cewa akasarin masu karaya, musamman a karkara, can suke fara zuwa. Mai ɗori na kusa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, yana kuma da lokacin zama da mara lafiya.

Matsalar ita ce ɗaurin karare da ake tamkewa a kan gaɓar da ke kumbura na haifar da irin shaƙewar tsokar da aka ambata a baya, kuma a kan ɗauki zogin da ke biyo baya a matsayin alamar cewa ɗori na kamawa. Sai gaɓa ta ruɓe ake komowa asibiti, inda babu abin da ya rage sai yankewa, abin da ke ƙara ƙarfafa zargin cewa asibiti wurin yanke ƙafa ne. Wani rahoto daga kudancin ƙasar Habasha da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa ɗan gajeren horo da aka ba masu ɗori a kan haɗarin ɗauri mai tsauri ya rage yawan gaɓoɓin da ake yankewa.

Abin da ya rage

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar kuɗi masu yawa. Sanya ma'aunin zafi a takardar da ke gefen gado, da ba da farasitamol a kan lokaci, da koya wa mai jinya alamomi uku ko huɗu da zai gani ya kira nas nan take, duk abubuwa ne da kowane asibiti zai iya farawa. Haka nan sanya ƙarfe a cikin ɓargon ƙashi, maimakon rataye ƙafa da nauyi na tsawon makonni shida ko fiye, na tayar da mara lafiya cikin 'yan kwanaki, ya kuma rage wa ma'aikata nauyi. Ƙungiyar SIGN, wadda likitan Amurka Lewis Zirkle ya kafa a 1999, na samar da irin wannan ƙarfe da ake iya sakawa ba tare da na'urar hoto a ɗakin tiyata ba.

Amma akwai iyakar abin da dabara za ta iya yi. Tawagar Farfesa Biccard ta sake wani gwaji a asibitoci 332 na ƙasashen Afirka 28, inda aka nemi a riƙa kwantar da waɗanda suka fi shiga haɗari kusa da teburin ma'aikatan jinya, a ƙara yawan duba su, a kuma bar dangi su zauna tare da su. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa yawan mace-macen bai ragu ba, kuma asibitoci da dama sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka tsara shi saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki.

A 2001 ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga harkar lafiya. Kason da gwamnatin tarayyar Najeriya ke warewa ya daɗe yana kai-komo a wajajen kashi 5. Gwamnatoci sun fi sha'awar ƙaddamar da sababbin gine-gine da na'urorin tiyata, waɗanda ake iya yanke masu kyalle a gaban 'yan jarida, a kan ɗaukar ma'aikatan da za su yi aikin dare. Abin jira a gani shi ne ko ɗaliban da ake yayewa a yanzu za su samu gurbin aiki da albashin da zai zaunar da su a gida, domin a hannunsu ne makomar ƙafar da likita ya gyara da rana take, idan dare ya raba.